Akwati mai aljihuna: sharhi a kan rabon zamunnan kayan ɗaki, daga Ingila zuwa Kornaka

1. Gabatarwa

Kalmar faransanci «commode» tana cikin kalmomin da ke tsai da masu tsara ƙamus na harsuna biyu. Wanda ya tashi daga jerin faransanci yana nema wa kowace kalma abokiya a hausa, in ya iso gare ta sai ya rasa ta cewa: ko ya rubuta «durowa», wadda asalinta sunan ɓangare guda ne na abin, ko ya rubuta «kwaba», wadda ke nufin wani abu dabam, ko kuma ya bar gurbin ya ce hausa tana da giɓi. A ganinmu wannan giɓi shaida ce ta tarihi, kuma ya kamata a karanta ta kafin a yi gaggawar cike gurbin.

Manufar wannan maƙala kashi biyu ce. Da farko za mu yi sharhi a kan hanyar da masana kayan ɗakin Ingila ke bi wajen raba tarihin wannan akwati mai aljihuna zamani-zamani, musamman rabon da Percy Macquoid ya yi. Sannan za mu gwada hanyar a kan kayan ɗakin mata na ƙasar Kornaka, cikin gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi, don mu ga abin da za a iya ara da abin da ya kamata a bari. Mun zaɓi Kornaka saboda tana bisa hanyar Maraɗi zuwa Dakwaro, inda Hausawa manoma da Buzaye da Fulani makiyaya ke cin kasuwa ɗaya, kuma hajar Kano da Katsina na isowa can ta hannun ƴan kasuwar Maraɗi. Matsayin da muke karewa shi ne: ɗakin Bahausa ya karɓi akwati, ya karɓi kwaba mai gilashi, amma ya yi jinkirin karɓar akwati mai aljihuna, kuma kalmomin harshen sun adana dalilin haka.

2. Abin da ake magana a kansa

Kafin ƙarni na 17, abin ajiyar tufafi a gidajen Ingila shi ne babban akwatin katako mai murfi a sama. Aibinsa sananne ne ga duk mai adaka: in ana son abin da ke ƙasa, sai an kwashe na sama. Daga nan kafintoci suka fara sa aljihu ɗaya ko biyu a gindin akwatin, aka yi ta ƙara aljihuna har murfin ya daina buɗuwa, ya zama rufi kawai. Wajen 1680 abin ya kai siffar da aka san shi da ita. Gobarar Landan ta 1666, wadda ta cinye gidaje fiye da 13,000, ta ƙara buɗe kasuwar sababbin kayan ɗaki a daidai wannan lokaci.

Sunayen da harsunan Turai biyu suka ba shi abin lura ne. Ingilishi ya riƙe tsohuwar kalmar akwati ya ɗora mata sabuwa, ya ce «chest of drawers», watau akwatin abubuwan da ake jawowa. Faransanci kuwa ya ɗauki sifa ya mai da ita suna: «commode», mai sauƙin aiki. Tun 1708 André-Charles Boulle ya yi wa sarki Luwi na 14 irin wannan kaya domin ɗakin kwanansa na Trianon. Da kalmar ta ƙetara zuwa Ingila sai ma'anarta ta yi ta zamewa, har a ƙarni na 19 ta koma sunan kujerar da ake ɓoye tukunyar bawali a cikinta. Ke nan ko tsakanin maƙwabta biyu na Turai kalmar ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Dillalan tsofaffin kaya suna gane shekarun akwatin ta wasu alamomi. Suna duban haɗin kusurwar aljihu, wanda Ingilishi ke kwatantawa da wutsiyar kurciya, Faransawa kuma da wutsiyar tsattsewa, «queue d'aronde»: na farkon zamani manya ne kuma kaɗan, na baya ƙanana ne masu yawa. Suna duban ƙafafu, ko dunƙulallu ne ko masu kusurwa. Suna duban mariƙan tagulla, da fuskar akwatin, ko miƙaƙƙiya ce, ko mai lanƙwasar maciji, ko mai tudun baka. Fiye da kome suna duban iccen da aka yi shi da shi, kuma a nan ne aikin Macquoid ya shigo.

3. Rabon Macquoid: amfaninsa da aibinsa

Percy Macquoid, mai zane ne kuma mai tsara kayan wasan kwaikwayo, ya fitar da tarihin kayan ɗakin Ingila cikin juzu'i 4 tsakanin 1904 da 1908. Ya ba kowane juzu'i sunan icce: zamanin «chêne» daga 1500 zuwa 1660, zamanin «noyer» daga 1660 zuwa 1720, zamanin «acajou» ko mahogani daga 1720 zuwa 1770, sai zamanin wani icce mai launin ɗorawa da sheƙi kamar siliki daga 1770 zuwa 1820. Har yau wannan rabo yana bakin dillalai da masu gidajen tarihi.

Amfaninsa yana fitowa in an gwada shi da al'adar Faransa, wadda ke kiran salo da sunan sarki: Luwi na 14, na 15, na 16. Sarki ba ya riƙe zarto, kuma mutuwarsa ba ta canza hannun kafinta. Salon da Ingilishi da kansu ke kira da sunan sarauniya Anne ya daɗe ana yinsa bayan rasuwarta a 1714. Icce kuwa yana da dalilai da ake iya bi. Matsanancin sanyin 1709 ya kashe itatuwan «noyer» masu yawa a Turai, Faransa ta hana fitar da katakonsa a 1720, sannan a 1721 majalisar Ingila ta cire harajin katakon da ke zuwa daga ƙasashen da take mallaka a Amurka. Mahoganin Jamaika ya shigo ta wannan ƙofa. Ƙarfinsa da faɗin allunansa su suka ba da damar sassaƙar da aka sani da sunan Thomas Chippendale, wanda littafinsa na zane-zane ya fito a 1754. Na George Hepplewhite ya biyo a 1788, bayan mutuwarsa, na Thomas Sheraton kuma ya fara fita a 1791. Waɗannan sunaye uku, in an duba, sunayen littattafai ne: ɗaruruwan kafintoci sun kwaikwayi zanen da ke ciki, kuma kaɗan ne daga kayan da ake kira Chippendale suka fito daga shagonsa.

Muna ganin aibi uku a rabon. Na farko, ya ɗauki ɗakin attajiri ya mai da shi ɗakin ƙasa duka. A ƙauyukan Ingila an ci gaba da aiki da «chêne» har ƙarshen ƙarni na 18, kamar ba a taɓa jin mahogani ba. Na biyu, sunan zamanin sunan fata ne kawai. Akwatin da ake cewa na «noyer» galibi jikinsa na icce mai araha ne, aka liƙa masa siririn falle na mai tsada a fuska. Na uku, wanda ya fi shafarmu, rabon ya ambaci icce ya yi shiru a kan wanda ya sare shi. Mahoganin Jamaika da na gaɓar da ake kira Beliz a yau, bayi ne ƴan Afirka suka sare shi suka jawo shi zuwa bakin ruwa, kamar yadda Jennifer Anderson ta bayyana cikin littafinta na 2012. Da na Amurka ya yi ƙaranci, wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai kasuwa ta juyo ga dangin «Khaya» na Afirka ta Yamma, dangin da maɗacinmu yake ciki. Har ma F. Bruce Lamb ya kawo ra'ayi a 1963 cewa kalmar mahogani ta samo tushe daga «oganwo», sunan wannan icce a yarabanci. Kemp Malone ya soki ra'ayin a 1965, kuma mu ma ba mu ga hujjar sauti da ta isa a tabbatar da shi ba. Duk da haka, tarihin akwatin Ingila ya ratsa ta Afirka sau biyu, ta hannun mutane da ta icce.

4. Shaidar kalmomi

Tun aikin Greenberg na 1947 a kan aron larabci, da na Gouffé na 1971 a kan aron faransanci cikin hausar Nijar, an san cewa kalmomin aro suna jeruwa hawa-hawa, kowane hawa da hanyar da ya biyo. Ga abin da muke samu a fagen kayan ajiya:

(1) «sanduƙi», daga larabci, ta hanyar Sahara da littattafan malamai;
(2) «adaka», wadda ake ji da ma'ana ɗaya a bakin Asante, ƙasar da fataken goro ke dosa;
(3) «akwati», daga yarabanci «apoti»;
(4) «fantimoti», daga ingilishi, wanda shi ma ya aro ta daga faransanci «portemanteau»;
(5) «kwaba», daga ingilishi «cupboard»;
(6) «durowa», daga ingilishi «drawer».

Abin lura na farko: daga (1) zuwa (4) duk abubuwa ne masu murfi, da ake ɗaurewa a ɗora wa raƙumi ko jaki ko mota. Hausa ta tara sunaye huɗu ga abu kusan ɗaya, abin da ke nuna yawan buƙatarsa ga al'ummar fatake. Na biyu: (4) zuwa (6) sun fito daga ingilishi, alhali ana jin su a ƙasar da Faransa ta mallaka. Dalili shi ne layin dogo ya iso Kano a 1911, kuma daga nan hajar Turai ta riƙa shigowa Maraɗi daga kudu tare da sunayenta. Haka «kafinta» ta shigo. Littafin Emmanuel Grégoire na 1986 a kan alhazan Maraɗi ya nuna zurfin wannan dogaro da kasuwar Najeriya. Na uku: kalmomin sun zauna daram cikin tsarin harshen. An raba baƙaƙen farko na «drawer» da wasalin u, wasalin a na ƙarshe ya ba ta jinsin mace, ta kuma ɗauki jam'i irin na gida, «durowoyi».

Amma shaidar da ta fi ƙarfi ba kalmar aro ba ce. Kafin «durowa» ta bazu, da bayan bazuwarta, Bahaushe yana cewa «aljihun tebur». Wannan harɗaɗɗen suna yana faɗin inda aka fara ganin abin: a ofis, gaban akawu ko kumandan, inda ake jawo shi a sa takarda da hatimi da kuɗin haraji. Aljihun katako ya shigo ƙasar hausa a matsayin kayan aikin mulki, mallakar namiji ma'aikaci. A Ingila kuwa ya girma ne a ɗakin kwana, yana riƙe da tufafi. Saboda haka hausa ta sami sunan aljihun tun da wuri, ta rasa sunan akwatin da aljihuna kaɗai suka yi shi. A yau «durowa» ta faɗaɗa, ana kiran ƙaramar ma'ajiyar gefen gado da ita, wani lokaci har babbar ma'ajiyar tufafi. Ɓangare ne ya ɗauki nauyin sunan duka, kuma mai ƙamus da ya rubuta ta a gaban «commode» ba tare da bayani ba ya ɓatar da ɗalibi.

5. Ɗakin da bai nemi aljihu ba

Dalilai uku muke gani, biyu na abin duniya, ɗaya na al'ada.

Na farko ya shafi sana'a. Masassaƙi yana ɗaukar gungume guda ya rage shi da gizago har turmi ya fito daga ƙirya, ko allo daga aduwa, ko akushi, ko kujerar mata. Ba ya haɗa allo da allo. Akwati mai aljihuna kuwa aikin haɗi ne tsantsa, yana buƙatar katako fasasshe, busasshe, mai kauri ɗaya. Itatuwan wannan yanki ba su ba da irin wannan allo da yawa, shi ya sa katakon kafinta baƙo ne, daga kurmin kudu yake zuwa. Arzikin yankin wajen ajiya yana ga kaba. Gulbin Kaba, kwarin da ya ratsa ƙasashen Tasawa da Mayahi ya nufo yamma, daga ita ya sami suna, kuma da ita ake saƙa tabarma da faifai da lefe. Kalmar «lefe» da kanta ta bar kwandon kaba ta koma kan akwatunan da ango ke kaiwa, amma sunan bai canza ba.

Na biyu ya shafi yanayi da gini. Katako yana shan laima ya kumbura ta faɗinsa, ya bushe ya tsuke. Aljihun da aka auna da damina zai yi sako-sako da hunturu, wanda aka auna da hunturu zai cije da damina, fallen da aka liƙa a fuska kuma iskar hunturu na ɗaga shi. Ga gara, wadda ke bin duk katakon da ya taɓa ƙasa, abin da ya sa ake rataya kaya a ragaya ko a ɗora akwati bisa duwatsu. Daɗin daɗawa, akwati mai aljihuna yana son miƙaƙƙen bango da daɓe madaidaici. In ƙafa ɗaya ta nutse cikin rairayi, jikin ya karkace, aljihu ya ƙi fita. Kago mai zagayayyen bango ba shi da wurin jingina shi, balle bukkar makiyayi da ake kwancewa. Sai da shigifa da daɓen siminti suka yawaita kafin ya sami mazauni.

Na uku shi ne wanda muke ba muhimmanci. Aikin akwati mai aljihuna shi ne rarrabewa da ɓoyewa: kome na ciki, baƙo ba ya ganin sai fuskar katako, kuma darajar mai gida tana ga kyan wannan fuska. Jeren amarya yana tafiya a kan akasin haka. Ana jera ƙore da tasoshi da kwanoni ne domin a gani, a ƙidaya, a san ƙoƙarin uwa da yawan dangi da ƙawayen da suka yi gudummawa. Barbara Cooper, cikin littafinta na 1997 a kan aure a Maraɗi, ta nuna cewa kayan ɗaki ma'aunin darajar mace ne, kuma sun riƙa sauyawa tare da sauyin hanyoyin samun mata. Matan Fulani makiyaya na wannan yanki su ma suna baje ƙoren adonsu a fili ranar buki. A irin wannan ɗaki, ma'ajiyar da ke haɗiye kaya ta rufe baki ba ta da abin faɗa. Da kafinta ya zo da hajarsa, mata sun zaɓi kwaba mai gilashi, domin tana tsare kwano daga ƙura ba tare da ta ɓoye shi ba. Kwaba jere ce da aka sa wa ƙofa. Abin da ake son ɓoyewa kuwa, zannuwa da kuɗi da zinariya, adaka mai kwaɗo ta riga ta ɗauke nauyinsa.

6. Abin da za a ara

Idan za a raba tarihin kayan ɗakin Kornaka zamani-zamani, hanyar Macquoid ta fi ta sunayen sarakuna dacewa, domin ta yi daidai da yadda mata da kansu ke ba da labari. Tsohuwa ba ta cewa an yi mata jere zamanin wane kumandan. Cewa take an yi mata jeren ƙwarya, ƴarta ta sami tasa da kwanon sha, jikarta ta sami langa da samira cikin kwaba, ta yanzu kuma tangaran da gilashi da roba. Kwanonin fenti sun fara zuwa daga Turai da Hong Kong kafin masana'antun Najeriya su kama yinsu, kuma kowane hawa yana da irin wannan hanya ta kasuwa da za a iya bi. Haka gado: na kara, na ƙarfe mai rumfa, na katako.

Sai dai aibobin nan uku suna jiran duk wanda ya ari hanyar. Jeren matar alhajin Maraɗi da na matar manomin ƙauyen Kornaka na shekara ɗaya suna iya faɗawa zamani biyu dabam, saboda haka dole kowace shekara da za a rubuta ta zo da sunan wuri da matsayin gida. Hawa-hawan kuma suna zama tare a ɗaki guda, ƙwarya ba ta fita don samira ta shigo. Sannan kada sunan kwano ya rufe hannun da ya biya shi: kaɗin auduga, da man gyaɗa da ƙuliƙuli, da adashi, da akuyar da aka sayar.

Akwai kuma abin da ba ya aruwa sam, watau ma'anar tsufa. Dillalan Turai suna ƙidaya shekara 100 kafin su kira abu tsohon kaya mai daraja, kuma tabon shekaru yana ƙara masa kuɗi. A ɗakin Bahausa kayan jere ajiyar dukiya ce: in buƙata ta taso a ba dillaliya ta sayar, in hali ya samu a sabunta, tsoho kuma a ba ƴa ko a sauke shi zuwa madafa. Kayan da kafintocin birane ke yi a yau, masu lanƙwasa da sassaƙa da ruwan zinariya, daga hoto ake kwaikwayonsu, kamar yadda aka kwaikwayi littafin Chippendale, kuma masu saye suna kiransu da sunan ƙasar da samfurin ya fito, Turkiyya ko Dubai ko Sin. Babu laifi a kwaikwayo, tun da shi ya gina salon Ingila ma. Abin da muke suka shi ne a ɗauki ma'aunin tsufa na wasu a auna ɗakinmu da shi, a ce ba mu da kayan tarihi saboda ba mu da mahogani. Kayan aro ba ya rufe katara.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawara uku. Ta farko ga masu ƙamus da masu rubuta littattafan makarantun da ke koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka fara gwajinsu a Nijar a 1973: a fassara «commode» da «akwati mai aljihuna», domin sassan biyu duk sanannu ne, kuma sunan yana faɗin tarihin abin daidai, a bar «durowa» ga «tiroir», tare da bayanin faɗaɗar ma'anarta. Ta biyu ga ɗalibai masu neman batun bincike: a tattara sunayen kayan jere a ƙauyukan Kornaka daga bakin mata na hawa uku, kaka da uwa da ƴa, a hausa da tamajak da fulatanci, a rubuta wa kowane suna kasuwar da aka saye shi da abin da aka sayar aka biya. Ta uku ga gidajen tarihi, tun daga na Bubu Hama da ke Yamai: adaka da gadon ƙarfe da kwabar farko sun cancanci wuri kusa da ƙwarya da akushi. Akwatin Ingila na 1700 yana da dillalai da littattafai masu tsaronsa. Adakar Kornaka kuwa gara ce ke jiranta, kuma matan da suka san sunan kowane kwano da ke bisanta suna ƙara tsufa.